Kaɗanyar Iya Dudu da Igiyar Rago

"To, ya gajiyar cika-ciki? Ko da yake a gidan nan ban ga alamar an cika komai ba."

Furera ce ke wannan gaisuwa, tana tsaye a ƙofar zauren Ƙasimu tela, tsintsiya a hannun dama, babbar ƙwarya a hagu. Safiyar goma ga watan Muharram ce, an kwana ana ruwa a Birnin Gwari, ƙasa sai ƙamshi take yi. Ƙasimu yana sunkuye yana ɗaure wata igiya a bayan babur ɗinsa. Jin muryarta kawai ya sa ya san asirin aljihunsa na cikin haɗari.

Taubasai ne. Uban Ƙasimu da uwar Furera ciki ɗaya suka fito, cikin Iya Dudu ta Tabanni. A danginsu kuwa ɗan namiji ke ba ɗan mace shara duk sabuwar shekara, kuma tun suna yawo ba takalmi Furera ba ta taɓa yafe tata ba. Yanzu duk sun ba hamsin baya, kowa da jikoki, amma ranar shara in ta zo sai ka rantse jiya aka yaye su.

"Baiwar gidanmu ce da sassafe haka? Shiga ki share, shara dai ga ta nan a tsakar gida."

"Bawa ba ya aiken uwargijiyarsa. Miƙo abin da ka saba miƙowa."

"Bana babu."

"Me ya cinye shi?"

"Sabuwar shekara, sabon tsari."

Ya miƙe ya gyara hula, ya shiga karanto mata ƙudurorinsa kamar mai shela a kasuwa. Tun daren ɗaya ga wata ya tara iyalinsa ya faɗa musu cewa tsadar nan ba ta san tela ba, saboda haka gida zai ɗaure ɗamara. Sabulun wanki a raba shi huɗu, da zaren ɗinki don kada wuƙa ta ci rabonta. Madara a shayi sai ranar Juma'a. Fitila ɗaya ta ishi tsakar gida. Kyautar da ba ta zama dole ba, irin ta wasu masu yawo da tsintsiya, an ɗage ta sai abin da hali ya yi.

Furera ta ce ai labari ya riga shi isa unguwarsu. An ce ashana ma tsaga ta yake yi biyu, kuma kajin gidansa sun fara ƙaura zuwa maƙwabta da kayansu a ka. Ƙasimu ya ce kajin da ba su san tattali ba, su tafi, Allah ya raka taki gona.

Sai ta lura da igiyar. Ta ragon layya ce, har yanzu da warin rago a jikinta.

"Wannan fa? Ko kai ma turke za a kai ka?"

Da ya san abin da zai biyo baya, da ya haɗiye amsar. Amma Ƙasimu mutum ne da in ya yi dabara ba ya iya barci sai wani ya yaba. Ya ce babban ƙudurin ma bai faɗa ba tukuna. Abin da ke cin gidansa gawayi ne: Rabi'atu matarsa da shi take girki, shi kuma dutsen gugarsa ba ya ƙoshi. To, ga tsohuwar kaɗanya can a gonar gado, bayan Tabanni, tana tsaye ba aikin fari ba na baƙi. Ya yi magana da Micah mai ƙona gawayi, za a kayar da ita a raba biyu, shekara guda cur ba zai sayi ko gwangwani ɗaya ba. Micah ya ce dai a fara auno masa kaurinta da igiya, ya ga ko injinsa na yanka itace zai iya.

Furera ta ajiye tsintsiya a hankali.

"Wace kaɗanyar?"

"Guda nawa ce a gonar ubana?"

"Ta Iya Dudu."

"Iya Dudu ta yi shekara talatin a ƙasa, ba ta girki da inuwa."

Abin da ya sa zancen ya yi nauyi shi ne, ita ma Furera da nata ƙudurin ta fito, kuma ƙwaryar da ke hannunta ba ta ado ba ce. Ta yi alkawari bana ba za ta sayi man girki na kwalba ba, ba sabulun kanti, ba man shafawa. Duk daga kaɗe za su fito, yadda uwarta ta riƙe gida. Shekara bakwai ke nan ba wanda ya taka gonakin cikin daji saboda rashin zaman lafiya, sai bana da hanya ta buɗe mutane suka fara komawa. Ga shi damina ta kankama, lokacin zubar kaɗanya ne. Dama niyyarta in ta karɓi shara ta sa Ƙasimu ya kai ta, ta huta da kuɗin acaɓa.

Gona ta Ƙasimu ce, wannan ba gardama. 'Ya'yan itacen kuma na mata ne, Iya Dudu ta bar wa 'yarta, 'yar ta bar wa Furera, wannan ma kowa ya sani. Abin da magabata suka manta ba su faɗa ba shi ne na wane ne gangar jikin, don bai taɓa faɗo wa kowa a rai ba cewa wata rana za a haifi mai tambaya.

Ƙasimu ya jira ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta dubi igiyar, ta dube shi, ta ce to shi ke nan, mai ƙasa ya fi mai tsintuwa. Ya kai ta dai ta yi tsintuwar bankwana. Wannan sauƙin kai ya ɗan dame shi, don bai san ta da shi ba, amma ya ce a ransa tsufa ne ya fara kama baiwa.

Suka kama hanya. Duk gangaren da suka samu sai Ƙasimu ya kashe inji, babur ya riƙa silalowa shiru kamar ɓarawon akuya. Furera ta ce in ya ga dama ya sauka ya goya babur ɗin, man zai fi daɗewa. Ya ce da za ta rage cin tuwo da man ya kai su Kuyello ya dawo. Bayan Tabanni hanya ta zama 'yar siririya, daga nan ta zama laka, daga nan ta ɓace gaba ɗaya cikin ciyawa. Suka jingine babur a gindin wata ɗorawa suka shiga da ƙafa.

A nan ne surutu ya fara raguwa ba tare da kowa ya ce a rage ba. Ƙasimu ya san wannan hanya kamar tafin hannunsa, amma daji ya karɓe ta ya mayar da ita tasa. Inda suke noma dawa, geza da ƙirya sun fi mutum tsawo. Kunyoyin gonar na nan a ƙarƙashin ciyawa, ƙafa ce kawai ke jin su. Raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Wani tsuntsu da bai san sunansa ba yana ta kira daga can ciki, wani na amsa masa daga nesa. Shi da ya saba da ƙarar keken ɗinki tun safe har magariba, sai ya ji shirun wurin yana da nauyi kamar bargo.

Ƙamshi ne ya fara tarar su, mai zaƙi, irin na abin da ya nuna har ya gaji da jira. Suka kewaye wani kurmi, sai ga ta.

Ƙasimu ya tsaya cak. A tunaninsa itace ne babba, irin wanda yaro ke gani babba don shi ƙarami ne, ya kuma ɗauka in ya dawo da furfura zai tarar ta ƙanƙance kamar yadda ɗakin uwarsa ya ƙanƙance. Sai ya tarar ita ce ta ƙaru, shi ya ragu. Gindinta baƙi ƙirin, ɓawon ya tsattsage gida-gida kamar bayan kada. Rassanta sun tafi gabas da yamma, kowane ɗaya ya isa a kira shi itace. Ƙarƙashinta duhu-duhu ne da sanyi, ko ciyawar kirki ba ta fito ba, sai 'ya'yan kaɗanya koraye shar a zube ko'ina, na bana a kan ƙwarar bara, na bara a kan ta shekarun da ba wanda ya zo.

Furera ta yi salati a hankali, ta ce, "Sannu, Iya." Ba ta bayyana wace Iyar take nufi ba, shi ma bai tambaya ba.

Don kada shirun ya kayar da shi, Ƙasimu ya yi gyaran murya ya ce lallai gawayi zai yi albarka. Ya taka gaba da ƙarfi, sai Furera ta ce ya ɗaga ƙafarsa, ya taka yarinya. Ya duba, wani ɗan tsiro ne mai dogayen ganye, bai kai masa gwiwa ba. Da ya waiga sai ya ga irinsa da yawa a gefen inuwar, sun kewaye uwar kamar 'yan makaranta.

"Wannan ɗin shekararsa nawa, kai mai tsari?"

"Na bana ne. Ko na bara."

"Shekarar da muka gudu ya tsiro, ko ta bayanta. Da muna noma nan da fartanya ta cinye shi. Sa'an jikanka ne mai zuwa firamare."

"Shekara bakwai, iya nan?"

"Ƙasa yake fara tafiya kafin ya yi sama. Ba irinku ba ne, da baki ke riga ƙafa."

Ƙasimu ya dubi tsiron, ya ɗaga kai ya dubi uwar, har hularsa ta nemi faɗuwa. Ya fara wani lissafi a zuci, lissafin ya ƙi tsayawa a inda hankali ke iya riƙewa, sai ya watsar. Ya warware igiya ya ce aiki ya kawo shi.

Ya manna ƙirji a jikin itacen, ya wurga igiya ta baya, ya miƙa hannu ya lalubo, bai samu komai ba. Ya sake, igiya ta faɗi. A karo na uku ya ɗaura bakinta a wuyan hannunsa na hagu don kada ta suɓuce, ya ce da Furera hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ta zagayo masa da ɗaya bakin.

Furera ta ce to. Ta ja igiya ta ɓace a bayan gindin, sai muryarta kawai yake ji tana cewa ba ta kai ba, saura kamu biyu. Ta warware gammonta, tsohon zane ne mai ƙwari, ta ƙulla. Ta ce ya ƙara miƙo hannun dama, ya ƙara, ya ƙara dai. Ya miƙe iya miƙewa har kumatunsa ya manne da ɓawo. Sai ya ji zane ya zagaye wuyan hannunsa, an ja, an ƙulle, irin ƙullin da mata ke yi wa dammin itace.

Ta fito ta gabansa tana karkaɗe hannu.

"An auna. Kaurinta igiyar rago ɗaya, da gammo ɗaya, da tela ɗaya."

"Furera, kwance ni."

"Yau wace rana?"

Sai a lokacin ya tuna. Ranar shara, taubashin da ya hana, in aka kama shi ɗaure shi ake yi har sai ya fanshi kansa, kuma ba shi da ikon yin fushi. Suna yara ita da ƙannenta sun sha bin sa da igiya har cikin rumbu. Shekara arba'in yana tsere mata, yau ga shi ya kawo igiyar da kansa, ya ɗaura rabi da hannunsa, ya kuma roƙe ta ta ƙarasa.

Ya ce zai ba ta sharar bara ninki biyu. Ta ce tsari ya hana. Ya ce zai ɗinka mata atamfa kyauta har da aiki a wuya. Ta ce ɗinkinsa ko kyauta ya yi tsada, rigar da ya yi wa mijinta hannu ɗaya na gaida ɗaya daga nesa. Ya ce cinnaku sun fara hawa ƙafarsa. Ta ce su ma sharar suka zo karɓa. Daga nan ta sunkuya ta shiga tsintuwa, tana zaɓen waɗanda suka faɗo da kansu, don kaɗanya ba a girgiza ta, ba a jifan ta, abin da ta ga dama ta bayar shi ake ɗauka.

Ƙasimu ya yi ta magana har maganar ta ƙare. Da ta ƙare sai ya fara ji. Bai taɓa tsayawa wuri ɗaya haka ba tun da ya mallaki hankalinsa. Sanyin itacen ya ratsa rigarsa ya shiga ƙirji. Can sama iska na motsa rassa, kuma yana jin motsin a cikin gindin, wani ƙugi mai zurfi kamar numfashin babbar dabba mai barci. Ƙudan zuma na kai da kawowa a wani kogo. Kurciyoyi sun dawo sun ci gaba da harkarsu, sun ɗauke shi wani kututture. Jifa-jifa sai ka ji tim, ɗa ya faɗo.

Dab da hancinsa ya ga wani abu baƙi ya ɗan leƙo daga cikin ɓawo, bai fi kan babban yatsa ba. Ya ƙura masa ido. Ƙarfe ne.

"Furera. Zo ki gani."

Ta zo, don muryar ba ta wasa ba ce.

"Ruwan fartanyar Iya ne," in ji shi. "Wanda ta kafa tana rataye goran kunu."

"Don kada wani ɓarawo ya kai."

"Sai na yi tsalle nake taɓa gindin goran."

"Ranar da ka taɓa da ƙarfi ai kunun a kanka ya ƙare."

Ya tuna. Ya tuna Iya Dudu ta zaunar da shi a kan wannan saiwar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ta wanke masa kai, ta shafe shi da man kaɗe tana kiran shi mijin banza mai satar abincin matarsa. A lokacin ƙarfen ya fi tafin hannu faɗi. Itacen bai ɗaga shi sama ba, bai kuma tofar da shi ba, haɗiye shi yake yi a hankali, shekara arba'in da ɗoriya, har yanzu bai gama ba. Ƙwalla ta taho wa Ƙasimu, ga shi ba hannun share ido.

Ana haka sai ga shanu sun ɓullo ta gefen kurmi, bayansu wani dattijon makiyayi da sanda a kafaɗa. Yero ne, sun san shi tun yana kawo wa Iya Dudu nono. Ya yi sallama, ya dubi mutum rungume da itace, bai nuna mamaki ba. Ƙasimu ya roƙe shi don Allah ya kwance shi. Yero ya tambayi Furera ko shara ce, ta ce ita ce. Ya ce to shi ba ya shiga tsakanin taubasai, wanda ya shiga shi ke kwana a ɗaure.

Da ya ji dalilin awon, sai ya daɗe yana kallon sama. Ya ce kakansa ya faɗa masa a nan suke hutar da shanu in sun taso daga arewa, kuma kakan ya ce tun yana yaro haka ya gan ta, ba ta fi haka ƙanƙanta ba. Ya ce a shekarun nan da suka wuce ya ga garuruwa sun tashi, ya ga gonaki sun zama daji, ya dawo bana bai gane ko'ina ba sai da ya hango kanta, sannan ya san inda yake.

"Buhu nawa aka ce za ta yi?" ya tambaya.

Ƙasimu ya buɗe baki, sai ya ji kunyar adadin.

Wani ɗa ya faɗo ya bugi hularsa ya gangara. Furera ta ɗauka, ta goge a zane, ta ɓare, ta kai masa baki. Ya ce ba ya ci daga hannun baiwa. Ta ce to ya sa nasa hannun. Ya ci. Zaƙin ya narke masa a harshe, shi ne dai na wancan lokacin, ko kaɗan bai canza ba.

"Furera."

"Na'am, bawana."

"Na ba ki."

"Me ka ba ni? Yero ba ya ji sosai."

"Kaɗanyar. Gindi da rassa da inuwa. Sharar bana ce."

"Da 'yan makarantar da ke kewaye da ita?"

"Har da su. Wanda ya sa musu fartanya ni da shi ne."

Yero ya ce ya shaida, ya kaɗa shanunsa ya wuce yana murmushi.

Furera ta kwance ƙullin. Abin mamaki, Ƙasimu bai janye nan da nan ba, sai da ya ɗan ƙara jim da tafinsa a jikin ɓawon, sannan ya ja da baya yana murza wuyan hannu. Ya ce to yanzu ta faɗa masa da me Rabi'atu za ta yi girki, tunda an cuci maraya. Furera ta nuna masa bayan itacen da haɓa. Wani reshe ne da iska ta karya tun wata shekara, ya bushe ƙayau, kaurinsa ya kai jikin bijimi. Ta ce ga abin da Iya ta ajiye masa, Micah ya zo ya ƙona wannan, zai kai shi har rani. In ya ƙare, akwai ɓawon ƙwara da dusar kaɗe, wuta suke ci kamar me. In kuma ya yi ladabi, duk wata za ta aiko wa Rabi'atu da curin mai da na sabulu, wanda ba sai an yanka da zare ba.

"Ashe dai ba ki da rowa."

"Ni tattali nake yi. Kai ne ka ɗauka tattali shi ne ka yanka saniya don ka huta da sayen nono."

Ya cire hula, ya durƙusa, ya shiga tsintuwa yana zubawa a ciki. Furera ta ce a rubuta, yau bawa ya kama aikinsa na gado. Da ƙwarya ta cika shi ya ɗauka, ba gammo, yana tafe yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe don kada ya taka wani ɗan tsiro. Sau biyu yana tsayawa ya waiga.

Sai da suka iso wurin babur ya ga tana naɗe igiyar tana cusawa a ƙugu.

"Me zan ce wa Micah?"

"Ka ce igiya ba ta kai ba."

"To ba ni igiyata."

"Wannan? Ai ta baɗi ce."

Ƙasimu ya yi dariya har ƙwarya ta nemi zamewa. Ya tayar da babur, kuma har suka isa gida bai kashe inji a gangare ko sau ɗaya ba.